Kan Burtun Baba Buwai

Tun farkon damina aka daina jin kukan burtu a Kurmin Kanya. Duk da haka, duk lokacin da aka kira Malam Muhammadu Sani a waya daga ofishin gandun daji, amsarsa ɗaya ce: suna nan lafiya.

Kurmin shi ne ɗan dajin da ya rage tsakanin Unguwar Kanya da magudanar ruwan Watari. Ko'ina gona ce, gero ya haɗe da dawa, dawa ta haɗe da gyaɗa, babu inda akuya za ta tsaya ba ta taka shukar wani ba. A tsakiyar kurmin akwai wata tsohuwar kuka mai kogo, inda burtu biyu, namiji da tamace, suka daɗe suna sheƙa. Saboda su ne ma'aikatan gandun daji na ƙasa suka sa garin cikin ƙauyukan da ke gadin tsuntsaye a wajen gandun, suka kafa allo a bakin hanya. Aka yi kwamiti, aka ba Malam Sani shugabanci, don tsohon malamin firamare ne kuma ba a san shi da ƙarya ba. Kwamitin ya hana saran itace, ya hana cinna wuta, ya ƙwace danƙo daga hannun yara har ya cika buhu.

Dagaci bai so ba. Magidanta da yawa ba su da gonar rani, ga ƙasar kurmin kusa da ruwa. Ya yarda ne bisa sharaɗi ɗaya, kuma a gaban jama'a ya faɗe shi: muddin tsuntsayen suna nan, ba za a sa igiyar awo a kurmin ba, ranar da suka tafi kuwa a raba shi.

Babu wanda ya san abin da ya kore su. Malam Sani yakan je bayan sallar asuba ya tsaya a gindin kukar, har ranar da ya ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon. Mutanen gari sun lura. Dagaci ma ya ji, amma ya ce ba zai tumɓuke allon gwamnati a kan maganar bakin kasuwa ba, sai ya ji daga masu allon.

Ana cikin haka Malama Raudatu, jami'ar da ke kula da shirin, ta kira. Za ta zo ranar Laraba ta ɗauki hotunan tsuntsayen, kuma tana so dagaci ya halarta.

Malam Sani ya kai labarin wurin Yahya, sakataren kwamiti, ya same shi yana gyaran injin ban-ruwa a ƙofar gida.

"To, Ciyaman," in ji Yahya, "baƙo ba ya zuwa garin nan ya koma bai ga abin da ya zo gani ba. Ba a taɓa yi ba."

"Sai in ƙera mata?"

"Ai an riga an ƙera. Yana rataye a ɗakin Baba Buwai."

Malam Sani ya gane nufinsa. Mafarautan zamanin da suna da wata dabara: sukan ɗauki kan burtu, su ɗora shi a kan lanƙwasasshen icce, su rufe wuyan da baƙar fata. Mafarauci ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙar riga, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo. Barewa ba ta gudun burtu, sai ta tsaya har a zo mata kusa. A duk yankin, Buwai kaɗai ya rage wanda ya iya.

"A'uzubillahi," in ji Malam Sani.

"Ka yi a'uziyyarka ka gama," in ji Yahya, bai ɗago daga injin ba. "Ranar Alhamis kuma ka zo ka riƙe wa dagaci bakin igiya."

Da la'asar Malam Sani ya hau babur ya tafi unguwar su Buwai, bayan ƙaramin cocin da ke gefen gari. Ya tarar da tsohon a kan tabarma yana sa wa fartanya ƙota.

"A'a, yau Ciyaman ne a gidan Maguzawa? Tarkon da ka ƙwace min bara ka dawo da shi?"

Suka gaisa. Malam Sani ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gero, ya tambayi jikoki, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Buwai ya ajiye fartanyar.

"Barewa nake ruɗa da shi, Malam, ba mutum ba. Barewa ba ta yi boko ba."

"Daga nesa ne, Baba. Za mu tsaya a bakin kurmi. Ka ɗan fito ta gani, shi ke nan."

"Kai da kake koya wa yara kada su yi satar amsa."

Tsohon ya shafa gwiwoyinsa ya ce sun riga Malam yin ritaya. Sai ya dubi wajen kurmin.

"Ubana da kakana suna kwance gabas da kukar nan," in ji shi. "Idan aka raba, tumatir za a shuka a kansu. Shiga ɗakin can, hannunka na dama, ka sauko min da shi."

Malam Sani ya sauko da shi. Bakin na gaske ne, dogo, ya ɗan dushe. An jera jajayen 'ya'yan tsiron idon zakara a maƙogwaro, an manna ƙananan madubai a gurbin idanu. Suka shirya cewa Buwai zai shiga ciyawa tun da sassafe, ba zai daina ba sai ya ji fiton Yahya.

Ranar Laraba da hantsi motar ta iso. Malama Raudatu ta fito da madubin hangen nesa rataye a wuya, direbanta na riƙe da kyamara. Ta durƙusa ta gai da dagaci, ta yaba wa kwamiti, ta ce a ofis ana ba da misali da Unguwar Kanya. Aka ɗunguma zuwa bakin kurmi. Mutane sun fi na kullum yawa, har da waɗanda suka baro gona, kuma babu mai magana. Malam Sani ya duba fuskokinsu ya gane cewa labarin ya gama gari.

"Ikon Allah, ga shi can!" in ji Yahya, yana nuni.

Can nesa, kusa da kukar, wani baƙin kai ya ɗago daga cikin gamba. Ya tsaya, ya karkata, ya sunkuya ya cafki wani abu a ƙasa, ya ɗago ya wurga shi baya kamar mai haɗiya. Ya yi taku biyu a hankali, da ƙasaita. Malam Sani, wanda da hannunsa ya sauko da abin daga bango, sai da ya kusa yarda burtu ne na gaske. Direba ya shiga ɗaukar hoto. Dagaci ya tsuke baki.

Malama Raudatu ta ɗora madubin a ido. Ta daɗe. Ta sauke, ta goge gilashin da bakin mayafi, ta sake ɗorawa. Sannan ta sa hannu ta danne kyamarar direban ƙasa, ta matso kusa da Malam Sani.

"Malam," ta ce a hankali, "ka ce masa ya tashi. Dattijo ne, na ga hannunsa."

A hankali ta faɗa, amma wurin shiru ne, kowa ya ji. Malam Sani ya waiwaya ya nemi Yahya don ya yi fito, sai ya hango bayansa yana kutsawa cikin mutane. Shi Malam Sani kuwa bai iya yin fito da baki ba. A can, baƙin kan yana ci gaba da aikinsa, yana cafka, yana ɗagowa, a gaban mutanen da duk sun san ko wane ne.

Ya tattare babbar rigarsa ya shiga ciyawar. Tafiyar ta yi masa nisa. Raɓa ta jiƙa wandonsa, ƙarangiya ta manne masa har gwiwa, yana jin idanun gari a bayansa. Da ya kusa, kan ya juyo, ya tsaya cak, sai ya juya ya fara gudu. Burtu na gaske ba ya tsayawa mutum ya zo kusa da shi, Buwai kuwa ya san haka. Ya ja gwiwa da gwiwar hannu cikin ƙaya da tsakuwa, yana haki, rigar na maƙalewa a kututture.

"Koma, Malam!" ya ce daga ƙarƙashin rigar, cikin raɗa. "Za ka ɓata aikin!"

"Baba, tsaya."

"Koma, na ce!"

"Baba, an gane."

Kan ya daina motsi. Daga baya ya yi ƙasa a hankali har bakin ya taɓa ƙasa. Malam Sani ya yaye rigar, ya kwance igiyar fatar da ta yi shata a goshin tsohon. Buwai ya yunƙura zai tashi, gwiwoyin suka ƙi miƙewa. Wandonsa ya yage, jini ya haɗe da laka.

"Me ta gani? Maduban idon ne?"

"Hannunka."

Tsohon ya dubi bayan hannunsa, ya jinjina kai. "A zamaninmu mukan shafa gawayi. Na manta."

Goya shi Malam Sani ya yi zuwa bakin kurmi, kan burtun na lilo a hannun tsohon. Wani ya yi dariya sau ɗaya, ba wanda ya taya shi. Malama Raudatu ta durƙusa ta gai da Buwai, ta ce masa sannu, Baba, ta ba shi ruwa daga gorarta. Ba ta dubi Malam Sani ba sai da ta miƙe.

"Yaushe suka tafi?"

"Tun farkon damina."

"Na kira ka bayan haka."

"Kin kira."

Ta juya wurin dagaci ta yi masa bayani, da murya irin ta mai karanta rahoto. Burtu ba kowace shekara yake yin ƙwai ba, kuma yana yawo da nisa. Ko a cikin gandun sukan rasa wasu damina guda, su sake ganinsu, muddin bishiyar tana tsaye kuma ba a dame ta ba. Tafiyarsu ba ta nufin sun tafi ke nan.

"Da ka faɗa min a waya, Malam, abin da zan rubuta ke nan, in roƙi a jira su. Yanzu dole in rubuta abin da na gani."

Dagaci ya saurara har ta gama. Ya gyara rawaninsa.

"Na ji, Hajiya. To idan sun dawo, wa zai faɗa mana? Shi?"

Dagaci ya yanke magana a tsaye. Ɓangaren yamma, mai kusa da ruwa, za a auna shi bayan girbi, domin mutane sun yi haƙuri kuma an yi musu wasa da hankali. Kukar da kaburburan da ke gabas da ita za a bar su zuwa damina mai zuwa, don darajar baƙuwa da ta tsohon da ke zaune a ƙasa. Bai ce an sauke kowa daga shugabanci ba. Ya dai ce wa Malama Raudatu ta karɓi lambar liman, shi za ta riƙa kira daga yau.

Ta ce a sa Buwai a mota. Tsohon ya ƙi, ya ce wanda ya ɗauko shi shi zai mayar da shi. Malam Sani ya ɗora shi a bayan babur, ƙafafun a lanƙwashe, suka bi ta tsakiyar gari a hankali saboda ramuka. Mata na leƙowa ta kan danga. A majalisar mai shayi, inda aka saba ɗaga masa hannu, kowa ya sami abin dubawa a kofinsa.

A ƙofar gidan suka tarar da Loveth, 'yar Buwai, wadda ke aiki a ɗakin shan magani na garin gaba. Wani ya riga ya kira ta. Malam Sani ya yi sallama, ya gaishe ta. Ta amsa sallamar, ba ta amsa gaisuwar ba. Suka kwantar da tsohon a tabarma. Ta ɗauko almakashi ta yanke wandon daga ƙasa zuwa cinya. Gwiwoyin sun kumbura, ƙayoyi sun karye a ciki.

"Ni na ce zan yi," in ji Buwai. "Kada ki ga laifinsa."

"Yi shiru, Baba."

Malam Sani ya fara cewa wani abu game da asibiti da abin da zai ɗauka a kansa. Ta miƙo masa kwanon ruwan ɗumi ba tare da ta ɗago ba.

"Riƙe nan, Malam. Ƙasa-ƙasa, inda zan kai."

Ya durƙusa a gefen tabarmar ya riƙe. Ta fara cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a ciki.