Hotuna Marasa Kai

A ɗakin bayan kantin magani akwai wani kabad na gilashi, kuma duk kyamarar da ta shiga cikinsa ta gama aikinta a duniya. A ɗakin nan masu son tsofaffin kyamarori suke taruwa kowace Asabar, kowa da tasa mai ido biyu rataye a wuya, ido ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Suna da doka tun kafuwar ƙungiyar. Idan ɗayansu ya rasu, kyamararsa ta shiga kabad, sai dai in a gidansa akwai mai ɗaukar hoto da ita.

Da ɗayansu Kafinta ya rasu, babu wanda ya tuna da wannan "sai dai" ɗin. 'Ya'yansa waya kawai suka sani. Matarsa kuwa tela ce, kowa ya san ta da almakashi da bakin da ba ya barin bashin magana. Shi ya sa Shugaba, mai kantin maganin, ya zo shagonta hankali kwance, kamar wanda ya zo karɓar ɗinkinsa.

"Uwargida, kan kyamarar marigayi na zo," in ji shi. "Mun share mata wuri a kabad."

Ta tsayar da keken ɗinki ta dube shi. Wannan mutumin ne ya yi shekara da shekaru yana ce wa kyamarar mijinta gwangwanin Japan, yana ɗaga tasa ta Jamus kamar jaririn da aka haifa bayan dogon jira. Yau gwangwanin ya yi daraja. Kuma ta san sunan da Kafinta yake kiran kabad ɗin nan, maƙabarta yake ce masa. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Ba za ta shiga ba, Shugaba. Ni zan riƙa ɗauka da ita."

Ya yi dariya har da riƙe tabarau. "Haba Uwargida, ba fa keken ɗinki ba ce."

"Keken ma ba da shi aka haife ni ba."

Ya ga ba wasa take ba, sai ya ce to, ta kawo hotunan da ta ɗauka da hannunta a taron ƙarshen wata. In babu, doka ta yi aikinta.

Sa fim bai ba ta wahala ba, don ta sha ganin Kafinta yana yi a kan teburin cin abinci, yana lasar takardar ƙarshe yana manne ta. Leƙawar ce ta so ta haukata ta. Ita wannan kyamara a jikin tumbi ake riƙe ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya a kalli gilashi. A cikin gilashin kuma dama ta koma hagu. Kyanwar maƙwabta ta yi nan, Uwargida ta juya can, har sai da ta buge gwiwa da ƙafar keke. Ta zagi kyanwar, ta zagi wanda ya ƙera kyamarar, ta sake ɗauka.

Da hannunta ya ɗan faɗa, sai ta ce ba kyanwa za ta kai musu ba, su da kansu za ta kai musu. Ranar Asabar ta shiga ɗakin ba gayyata. Ta iske su suna abin da suka saba. Injiniya yana rantsuwa gilashin ta Japan ya fi haske, Shugaba yana cewa a murɗa hannun ta Jamus a ji, kamar an zuba mata mai. An baje kyamarori ana shafawa da ƙyalle, ana gardama kan wadda ta fi nauyi, wadda ta fi ƙara mai daɗi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukarsu hoto, tana matsawa kusa sosai don fuska ta fito, kanta a sunkuye. Su kuwa suka ɗauka kunya ce, kowa ya gyara gemu ya turo ƙirji.

Dogo ne ya wanke mata fim ɗin. Tsohon direba ne, aminin Kafinta, wanda ya mai da banɗakin gidansa ɗakin wanke hoto. Ya kawo mata hotunan shago yana ta sosa ƙeya.

"Uwargida, akwai magana fa."

Ta baje su a kan teburin yanka. Babu mai cikakken kai ko ɗaya. Wani daga ido zuwa sama babu, wani hanci ne iyakarsa, Shugaba kuwa gemu kawai ya tsira da shi. Sauran hoton duk tumbi ne da kyamara.

"Idon sama ke nuna miki, na ƙasa ke ɗauka," Dogo ya ce. "In kin matsa kusa, ba abu ɗaya suke gani ba, na ƙasa ƙasa yake kallo. Ta Jamus tana gyara wannan da kanta, ta mijinki kuwa sai mutum ya sani. Ga shi kina dannawa da ƙarfi tana duƙawa." Ya rage murya. "Ki ba ni ita in ɗauko miki masu kyau, mu ce ke ce. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Dogo, da ba don amincinka da marigayi ba, da yau ka ji abin da ba ka so. Tashi ka ba ni wuri."

Da ya tafi sai ƙarfin halin ya gudu ya bar ta. Tsoro ya kama ta, tsoron ganin kyamarar a bayan gilashi ana shafa mata ƙyalle. Ta ɗaga kai, idonta ya sauka kan hoton da ke rataye saman keken tun shekarar aurensu. Ita ce a ciki tana yarinya, riƙe da almakashi a kan yadi. Murmushinta ya fito, hannayenta sun fito, daga hanci zuwa sama babu. Duk tsawon zamansu Kafinta yana cewa da gangan ya yi, wai hannayen ne suka fara sace masa zuciya. Ita kuma ta yarda, har tana faɗa wa masu kawo ɗinki.

Ta dubi nasa, ta dubi nata.

"Kai, maƙaryacin banza," ta ce a hankali. "Ashe kai ma yanke ni ka yi."

Ta yi dariya har ta kifa kai a kan keke, dariyar ta koma kuka, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar da gida ya cika da mutane.

Ranar taro ta jera hotunan a kan tebur ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ɗakin ya ɗauki dariya, Injiniya har da tari.

"Uwargida, ina kika kai kawunanmu?" Shugaba ya tambaya yana share hawaye.

"Akwai wanda bai gane kansa ba?" ta ce.

Babu. Kowa ya riga ya ɗauki nasa, ya gane tumbinsa da kyamararsa.

"To madalla. Dokarku cewa ta yi mai ɗauka da ita, ba ta ce gwani ba. Na ɗauka ko ban ɗauka ba? In kuma wadda ba a aiki da ita ce ke shiga kabad, kowa ya duba hoton da ke hannunsa da kyau."

Suka duba. A kowane hoto, idanun kyamarar a rufe suke da murfi. Dariyar ta yi ƙasa, aka shiga gyaran murya. Dogo kaɗai ya ci gaba da tasa, a cikin hannun riga.

Sai ta ciro tsohon hoton daga jaka, da firam ɗinsa, ta jingina shi a jikin kabad.

"Wannan na abokinku ne, na farkonsa. Da irin nawa ya fara. Da a lokacin wani ya karɓe masa kyamarar, da ba ku da gwanin da kuke son rubuta sunansa a gilashi. Shi na binne shi, ba yadda na iya. Wannan kam ba zan ba ku ku binne ba."

Shugaba ya daɗe yana kallon murmushin da ba shi da idanu. Makullin kabad ɗin da ya ajiye a kan tebur tun farkon taro ya ɗauka ya mayar aljihu.

Uwargida ta jawo kujerar Kafinta, wadda babu wanda ya zauna a kanta tun rasuwarsa, ta zauna ta sa sabon fim, ta murɗa hannun har ya tsaya. Sannan ta miƙe.

"Gyara zama, Shugaba. Yau in Allah ya so za ka samu kai."

Ta ja da baya, ta manna kyamarar a cikinta, ta sunkuyar da kai yadda ta ga wani yana yi duk rayuwarta, ta danna a hankali.