Hagun Aukusti

A zamanin da Aukusti Rissanen ya tashi, akwai gasar da za ka jefa mashi da dama, ka sake jefawa da hagu, a haɗa nisan biyun. Hagun nan ce ke tona asirin ƙarti, sai ka ga ƙato ya yi jifa kamar mai korar kaji. Aukusti kuwa damarsa ba wani abin a zo a gani ba ce, amma hagunsa ta kamo ta, don da sandunan da ake kafawa a shanya ciyawa a kansu ya koyi jifa tun yana yaro, da kowane hannu. In aka haɗa, ba mai kama ƙafarsa.

Burinsa ɗaya ne: ya hau jirgin ruwan da ke kai 'yan wasan Finland gasar duniya. Ya saro farin icen koivu, ya fere mashi, ya ɗora shi saman sauna, ɗakin wankan tururi, don ya bushe a hankali. Matarsa Lempi ko tsumma ba ta isa ta rataya kusa da shi ba.

Sai yaƙi ya zo, aka fasa gasar. Duk shekarun yaƙin hagu ya yi ta horarwa a bayan garken shanu, har furfura ta leƙo.

Da aka kira gasar zaɓen masu tafiya, ya je birni ya tarar tsohon abokinsa Vihtori ne alƙali.

"Da wanne zan fara?" in ji Aukusti.

"Wanne kuma? Ɗan'uwa, ai an daina haɗawa! Ƙauyen naku labari ba ya zuwa ne?"

"To, hagun fa?"

"Kai ta gida ta yi maka tatsa." Vihtori ya yi dariya, ya dubi fuskarsa, dariyar ta maƙale.

Aukusti ya jefa da dama, ya gwada da hagu. Samari suka wuce shi fintinkau. Wallahi abin tausayi ne, ba wanda ya cuce shi balle ya ji daɗin zagi.

Ya dawo gida ana yankan ciyawa, ga hadari ya haɗo. Lempi ta gan shi tafe da mashi a kafaɗa.

"Maigida, sandunan sun ƙare, ga sauran ciyawa a ƙasa," ta ce a hankali.

Ya daɗe yana kallon mashin. Sannan ya kafa shi a ƙasa da hannun hagu, ya ce, "Ɗora."

Tana ɗora ciyawar tana kuka, har mashin ya ɓace.