Farantin Inna a Gadon Bayana

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai ga ni a wani gari da rana tsaka, ana tafka ruwa daga ƙasa zuwa sama. Kowa ya kife lemarsa a ƙasa ya hau kai yana tafiya. Ban yi mamaki ba. Na naɗe ƙafar wando, na ƙara rungume farantin Inna a ƙirji.

Farantin nan na tangaran ne, irin wanda ake kira faɗi-ka-mutu, kuma shi kaɗai ya rage mini cikin kayan mahaifiyata. A jikinsa akwai zanen mutanen Sin na dā, shuɗi a kan fari: duwatsu masu tsini, da gada, da wani tsoho riƙe da sanda a kan gadar, sai wani maciji mai ƙafafu da gashin baki. Tun da Inna ta rasu na kulle shi a kabad ɗin gilashi. Matata Kubura ma kallo ne nata, makulli yana aljihuna.

Ina dubawa sai na ga zanen yana koɗewa, tsohon kuma ya ɗaure ƙunshinsa ya rataya a sanda.

Na ce, "Baba, ina zuwa?"

Ya ce, "Tashi za mu yi. Zaman ya ishe mu."

In suka tafi, na Inna ya ƙare ke nan. Amma ni ba mutum ne da dabara ke ƙare wa ba. Na ce masa na gane, tsoron fashewa ne ya dame su, kuma ina da magani: zan kwashe su kaf in mayar gadon bayana, baya ai ba ya fashewa. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya bar mini komai.

Sai ga ni a ofishin masu jarfa. Wani bunsuru da tabarau yana zaune bayan tebur, yana cin labulen ofishin a natse.

"Me za a yi maka?"

"Zanen Sin. Babba, daga wuya har ƙugu."

"Ka taɓa yi?"

"Ko lalle ban taɓa sawa ba."

Ya zagayo ya shinshina bayana. "Fili ne sabo, ba wanda ya taɓa nomawa. Shiga ɗakin jiya, na yau ya cika."

Wanzamin da na tarar a ɗakin, gauraka ne. Ya sa na kwanta rub da ciki, ya tsoma bakinsa a tukunyar shuni ya shiga sara kamar kaza ta sami tsaba. Zafi kam akwai shi, sai dai akwai wani mutum a bakin ƙofa da aka ɗauka aikin ihu a madadin masu zuwa, shi ya yi ta kururuwa ni ina kwance abina. Da aka gama gauraka ya kawo madubi biyu. Abin da na gani a bayana haƙora uku ne a jere da doguwar wutsiya ta lanƙwaso.

Na ce, "Kai malam! Wannan ai harafin sin ne, na allo!"

"Sin ka ce, sin na yi. Ga ta nan daga wuya har ƙugu."

"Ƙasar Sin nake nufi!"

"Ƙasan sin?" Ya karkata kai. "Ƙasan sin ai ba komai. Harafin ba, shi ne mai ɗigo a ƙasa."

Da wani ne da tuni ya fashe da kuka, ni kuwa dariya ta kama ni. Na miƙa masa farantin, na ce haƙoran nan uku ya mai da su duwatsu, wutsiyar ta zama maciji, ya ƙara mata ƙafafu da gashin baki, gada kuma ya ɗora ta a tsakanin kafaɗuna. Ya dube ni da ido ɗaya, ya ce bai taɓa samun mai kai irina ba. Na ce na sani. Yana sara, zanen yana barin faranti, har ya zama fari fat. Tsohon ne ya tsallako ƙarshe, na ji tsinin sandarsa a ƙashin bayana.

Sai ga ni a kasuwa ba riga, ina taku ɗaiɗai. Mutane na darewa. Wata mai kifi ta ja kwandonta tana cewa, "Ku ba shi hanya, faɗi-ka-mutu ne!" Na ƙwanƙwasa kafaɗata da yatsa, na ji ta yi ƙara irin ta tangaran. Wasu dattawa suka taru suka ɗauke ni cak, kowa na cewa a hankali.

Suka jingine ni a cikin kabad, suka tura ƙofar ta kulle kanta. Wurin tsaf yake, ba ƙura, ba motsi. Ta gilashi na hango Kubura a tsakar gida tana kaɗa miya. Na kira ta, ba ta ji ba.

"Ka ji yadda wurin yake?" in ji tsohon daga bayana. Na juya in gan shi, ya juya tare da ni.

Na ce, "Ai yanzu ba abin da zai fasa ku."

"Wa ya ce maka fashewa muke tsoro? Zamanin uwarka kullum miyar kuka ce ke gudu a ƙarƙashin gadar nan. Maciji ya sha ya ƙoshi. In ka gama cin tuwo ta bi mu da yatsa ta suɗe, ta wanke mu tana waƙa. Sau nawa ta kusa yar da mu? Kai kuwa ka kulle mu, kogi ya ƙafe."

Na ji takunsa yana hawa kafaɗata ta dama, maciji na binsa, duwatsu na jan gindi a baya. Kewar Inna ta taso mini. Amma ko a nan dabara ba ta ƙare mini ba. Na buga gilashi da goshi, na ɗaga murya: "Kubura! Kawo miya ki zuba mini a baya! Yi maza kafin su sauka!"

Ta taso da ludayi cike, ta nemi makulli ta rasa, yana aljihuna. Sai ta shiga buga gilashin da gindin ludayi, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Kubura ce a madafi take buga ludayi a bakin tukunyar ɗumame. Na shafa bayana, fata ce kawai da zufa. Na lalubo makulli a aljihun rigata, na buɗe kabad. Tsohon yana nan kan gadarsa da sandarsa.

Na kai mata farantin na ce, "Zuba mini a nan."

Ta dube ni, ta dubi farantin. "Na Inna ne fa. In ya fashe?"

Na ce, "Zuba, ki cika miya."