Garin da Ba Shi da Lahadi

Ranar Lahadi ce, an tashi daga sujada, na jingina da tsamiyar ƙofar gidana ina jiran a sauke wa baƙi abinci. Ni ne dattijon ikilisiyar ƙauyenmu, kuma a al'adarmu mai wa'azi da duk waɗanda suka zo daga nesa a gidan dattijo suke ci. Raina a ɓace yake. Da safe na buɗe akwatin matata Afiniki, wadda ta rasu bara, na tarar da zanenta na zumuntar mata a ninke, takardar kanti na manne da shi har yanzu. Ina ta juya abin a zuciya, ana daka a cikin gida, barci ya ɗauke ni.

Sai ga marigayi Filibus, wanda ya tsufa yana buga mana ƙarfen kiran sujada, ya kama hannuna.

"Tashi, Zakka. Kai da ba ka wuce abin kallo, yau za ka ƙoshi."

Ya kai ni wani gari mai ƙofa shida, kowace da sunan rana a kanta. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, amma na haɗa baƙaƙen: Litinin har Asabar. Na zaga neman ta bakwai, na tarar da bango.

Na ce, "Ina Lahadi?"

Ya ce, "Babu ita a nan. Daga Asabar sai Litinin. Mutanen garin nan sun kiyaye ranar Ubangiji, amma a bayan wasu suka ɗora ta."

Muka shiga. Na ga wani mai injin niƙa yana zuba dawa ta sama, tana fitowa ta ƙasa tsaba yadda take, ya kwashe ya sake zubawa. Filibus ya ce wannan yakan kulle ma'aikatansa da buhuna ranar Lahadi, shi ya tafi coci ya zauna a bencin gaba. Na ga wani cikin fararen kayan zuwa coci, garma a wuyansa, yana jan ta a busasshiyar ƙasa, shanu biyu na kwance a inuwa suna tuƙa suna kallonsa.

"Wannan fa?"

"Bai taɓa yin noma ranar Lahadi ba. Shanunsa yake ba wa wasu su yi da su. Yana tsammani dabba ba ta gajiya."

Can kuma wani shugaba ne a kan bagadi, ƙafafunsa sun kumbura, yana ta cewa "a ƙarshe," ƙarshen ya ƙi zuwa. Shi ne mai tsare jama'a da taro bayan taro, mata da goyo a rana, har ranar hutu ta fi ranar gona wuya. Na yi dariya. Filibus bai yi ba.

Daga nan muka shiga wata madafa da ba kowa. Duwatsun murhu uku, tukunya ta mutum talatin, ɗanyen itace yana hayaƙi. A jikin ƙusa na ga hulata.

Na ce, "Madafar nan ta wa ce?"

"Ba a ba da ita ba tukuna. Mai ita yana da sauran numfashi."

Sai na ji waƙar sujada daga bayan bango. Ba duka take isowa ba. Baitocin sukan ɓace, sai amshi, inda kowa ke ɗaga murya. Nan na tuna Afiniki amshi kaɗai ta iya a kowace waƙa, har nakan tsokane ta in ce ba ta da kan riƙe waƙa.

Filibus ya ce, "Amshin ne kaɗai yake tsallake katanga ya iso madafa, Zakka. Ni ina buga ƙarfe, ina hango hayaƙin gidanka."

A jikin bangon, daidai inda ƙofa ta bakwai za ta kasance, akwai tsaga. Na leƙa. Ga Afiniki zaune a wata inuwa cikin mata, sanye da zanen nan, tana bin waƙar baiti bayan baiti. Hannuwanta suna kan gwiwa, ba komai a cikinsu. Shekara talatin da takwas muna tare, ban taɓa ganin hannuwan nan haka ba.

Na ce, "Afi..."

Ta yanke waƙar, ta yunƙura za ta tashi, tana waige-waigen ludayi. Filibus ya toshe mini baki.

"Kada ka kira ta. Ko sau ɗaya, bar ta ta zauna."

Na farka gemuna a jiƙe da hawaye. Briskila matar ɗana ce durƙushe a gabana, idanunta jajur da hayaƙi.

"Baba, abinci ya sauka. Baƙi na jira."

"'Yata, yaushe rabonki da shiga sujada?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun da Mama ta kwanta ciwo."

Na shiga ɗaki na ɗauko zanen, na ɓare takardar da hannuna, na ɗora mata a hannu. Na ce daga yau ranar Asabar za a yi tuwon baƙi, ranar Lahadi ba a hura wuta a gidan nan sai ta dawo ta huta.

"Baba, mai wa'azi ya ci tuwon jiya? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Su zo su faɗa mini. Ke dai ki je ki koyo baitocin. In kin dawo ki rera mini, ina so in ji abin da na hana Afiniki ji."