Kwano Mai Jan Fenti

Wallahi da mai fenti ya san abin da zai biyo baya, da shi kaɗai ya je asibitin nan. Amma babbar 'yarsa ta nace sai ta raka shi, ita kuwa irin mutanen nan ce masu jin rabin magana su ƙarasa sauran da kansu.

Likita ya ce ciwon dajin hanji ne. Ya ƙara da cewa akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a hanjin wasu mutane, tana fitar da guba mai lalata ƙwayoyin halitta a hankali, ana kuma zargin tana da hannu a irin wannan ciwo. Ita dai 'yar, "ƙwayar cuta" kawai ta ji.

Kafin ya cire takalmi labari ya gama gida. Washegari aka ware masa kwano da cokali da kofi, aka ɗiga musu jan fenti. Fentin ma nasa ne, ragowar aikin wata ƙofa. Mutumin da tun 'ya'yansa maza suna rarrafe yake ci da su a faranti ɗaya, yana tura musu nama wai haƙorinsa ke ciwo, yau shi ne a ɗaki da kwano a cinya, yana jiyo dariyarsu daga falo. Ciwon bai ci masa rai kamar wannan ba.

Da ya koma asibiti, shi kaɗai wannan karon, ya yi ta kame-kame kafin ya tambaya.

"Likita, ana ɗaukar abin nan a kwano?"

"Haba Baba! Daji ai ba mura ba ne. Ƙwayar ma mutane da yawa na ɗauke da ita suna yawonsu lafiya lau. Je ka ci da iyalinka."

Ya dawo gida har da 'yar waƙarsa. Ya tara su ya maimaita maganar likita tiryan-tiryan.

"To, alhamdu lillahi," in ji matarsa.

Da aka kawo farantin abincin rana, babban ɗansa ya matsa. "Bismillah, Baba."

Ya zauna, shinkafar nan ta yi masa daɗin da ya manta. Ya tura wa autansa, ƙaton gardi mai gemu, tsokar nama kamar yadda ya saba.

"Na gode, Baba."

Sai can ya lura. Kowa na ci daga gabansa a takure, an bar tudun shinkafa ya kewaye wajen da cokalinsa ke taɓawa. Hira ta mutu. Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun ƙoshi, samarin da ko ƙanzo ba sa bari. Tsokar tana nan inda ya tura ta.

Bai yi faɗa ba, tsoro suke ji, ya sani. Ya miƙe ya leƙa kicin.

"Kwanon nan nawa, kin yar ne?"

Matarsa ba ta ɗago ba. "Yana nan a wanke," ta ce.