Ranar da Baba Hatimi Ya Koma Ofis

"Zo ki gani da idonki, ke kika ja mana!"

Muryar Inna ce ta tsallako katanga. Sakatariya ta yar da jakarta ta fita a guje, ɗankwali a hannu. Haka unguwa ke kiranta, ko da yake aikinta a ofis bai wuce buga takardu ba, aikin da ta tsana kamar ciwon haƙori.

Ta tarar da maƙwabcinta Baba Hatimi a bakin gado, ya sa farar rigarsa ta aiki, yana kokawa da takalmi. Ƙafar ta kumbura suntum, takalmin ya ƙi shiga. Inna, matarsa, ta tare ƙofa da jikinta.

"Wai ofis za shi! Mutumin da ko banɗaki sai an riƙe shi!"

"Jama'a na jirana," in ji shi, yana haki. "Ba ke kika faɗa ba, 'yata?"

Ita ta faɗa kuwa. Shi ya sama mata aikin nan, a ma'aikatar da ya tsufa a kan tebur ɗaya yana buga hatimin "an karɓa" a kan duk takardar da aka kawo. Ta taɓa tambayarsa ko ba ya gundura. Ya yi dariya ya ce, "Da zarar na buga, babu mahaluƙin da zai ce wa talaka bai zo ba. Ni ne shaidarsa."

Tun da ciwo ya kwantar da shi, duk yamma in ta leƙo gaishe shi tambayarsa ɗaya ce: ya ofis? Sai ta ce ai komai ya dagule, layi har bakin titi, kowa na cigiyarsa. Ta lura in ya ji haka yakan ci abinci, sai ta riƙa ƙara gishiri. Alhali tuni aka ɗauke teburinsa aka kafa inji mai fitar da 'yar takardar shaida, ko sunansa ba a sake ambata ba.

"Baba, yau ba a aiki."

"Talata ce fa."

"Likita ya ce ka huta."

"Likita ba ya bin layi."

Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, ta dubi fuskarsa, sai ta fasa. Inna ta gaji, ta share ido da bakin zane, ta jawo masa silifas. Sakatariya ta tsaida tasi.

Da suka isa ofis, matakalar bene ce ta gagare shi. Ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Dole ta zaunar da shi a bencin ƙasa, cikin masu jiran a kira su wajen sa hannu. Wani saurayi ya sauko da 'yar takarda a hannu.

"Samari, mu gani."

Baba Hatimi ya kai ta daf da idonsa. Babu tawada, amma ga kwanan wata daidai, har da lokaci. Ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Wa ya ba ka?"

"Inji ne, Baba. Kafin in gyara tsayuwa ya miƙo min."

Baba Hatimi ya mayar masa, ya ɗago ya dubi Sakatariya. Kai, da ma ya zage ta, da ta fi samun sauƙi!

"Ashe ana iyawa," ya ce a hankali.

"Baba, zauna nan. Wallahi suna son ganinka, yanzu zan sauko da su."

Ta haye bene tana tuntuɓe. Da ta ambaci Baba Hatimi, shugaban sashe ya ɗago kai daga kwamfuta.

"Wanne ne? Au, tsohon nan. Allah sarki. Ki ce ina gaishe shi, taro zan shiga."

Akantan ofis yana kan waya, yatsa kawai ya ɗaga mata. Matar da ta yi shekaru tana zama kusa da teburin Baba Hatimi ta ce, "Bari in ƙarasa wannan, ina zuwa," ta ci gaba da danne-dannenta. Sakatariya ta bi ƙofa ƙofa tana roƙo, ita da ba ta taɓa roƙon kowa komai a ginin nan ba. Mutum ɗaya take nema, ɗaya tak, ya sauko ya ce masa sannu da aiki. Abin da ya fi ƙona mata rai, babu mugu a cikinsu, kowa aikin gabansa yake yi.

Ita kaɗai ta sauko, ido jawur.

Wata dattijuwa da ba ta sani ba ce zaune kusa da shi, da ambulan a hannu. Kan Baba Hatimi ya kwanta a kafaɗarta.

"A hankali, 'yar nan," ta raɗa mata. "Barci ya sace shi. Tun ɗazu aka kira ni, na ce na bayana ya wuce."

Sakatariya ta durƙusa ta kama hannunsa. Ta laluba wuyan hannun, ta sake lalubawa, ta kalli ƙirjin farar rigar. Babu motsi. Ta yi salati a zuci.

Dattijuwar ta gyara zama kaɗan don kada kansa ya zame, ta ci gaba da yi masa fifita da ambulan ɗinta.