Yadda Sodangi Ya Sauke Kansa

Ci biyar ba ko ɗaya 'yan Gusau suka yi wa 'yan ƙwallon Boɗinga a filin Sakkwato. Kafin motar da ta kai su ta dawo Boɗinga, an riga an sauke mai horar da su, Sodangi, an naɗa wani a kowace rumfa ta kasuwa. Mutanen da ba su taɓa buga ƙwallo ba, waɗanda ba sa gudu sai kare ya biyo su, su ne suka fi kowa sanin inda aka yi kuskure.

Sodangi tela ne, tsohon soja. A yaƙin Bama ya koyi ƙwallo, ya dawo gida da ita a kansa kamar ciwo. Shekara bakwai ke nan, tun 1946, yana horar da ƙungiyar da aka haɗa da samarin Boɗinga da na Shagari. Shi ya sare geza ya share filin da ke bayan gari, shi ke zana layi da toka, shi ya ɗinka rigunan wasa a keken ɗinkinsa, in ƙwallo ta fashe shi ke zama da basilla ya kama ta. Sau biyu ya kawo kofin lardi garin nan. Amma ba wanda ya tuna da wannan a makon da aka ci su biyar.

Rumfarsa na jikin ta Ɗanliti wanzami, zana ɗaya ce ta raba su, don haka ba abin da ya wuce kunnensa.

"Ni na hwaɗa muku, Malam Maniru na Shagari za a ba," in ji Ɗanliti, yana wasa aska. "Yaron ga malamin makaranta na, kuma yana da littahin ƙwallo na Turanci, har da zane-zane ciki. Tsohon ga mi yas sani ban da ihu?"

Wani ya ce a'a, Attahiru za a ba, tsohon golan nan da yanzu ya koma fataucin albasa ya ajiye tumbi. Wani ya rantse wai daga Ikko za a turo mutum. Mutanen Shagari da suka zo cin kasuwa kuwa cewa suke ko wa za a ba, nasu ne, don Boɗinga ta riƙe abin nan ya isa. Da sun hango Sodangi ya leƙo sai su washe baki, su ce, "Sannu da aiki, Saja," su jira ya koma ciki su ɗora daga inda suka tsaya. Abin yana cinsa ƙwarai. Ranar har ya ɗinka hannun riga a baibai, abin da bai taɓa yi ba.

Gaskiyar magana, Sodangi ba shi da wani abu a duniya da yake so kamar filin nan. Ɗinki abin cin tuwo ne kawai. Ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi, amma in la'asar ta yi ya tsaya a tsakiyar fili ya busa usur, samari ashirin suka ruga gare shi, a nan yake jin shi ma mutum ne.

Sai labari ya zo cewa sabon Baturen makarantu, wanda ta hannunsa ƙwallaye da motar tafiya wasa suke fitowa, yana rangadi ya sauka a Shagari. Ya ce a zo ranar Laraba a yanke maganar mai horarwa, kuma hakimi zai je.

Rahamatu, matar Sodangi, ta ga kwana uku yana ture kwanon tuwo. Da safen Laraba, yana hura tayar kekensa a tsakar gida, ta tsaya a kansa.

"Malam, in sunka tambaye ka, ka buɗe baki ka ce kana so. Mi za shi rage ka?"

"Ke ba ki san zaman gaban manya ba," in ji shi. "In ce ina so? Awa mai roƙo? Gobe a ce Sodangi ya tahi Shagari ya yi kuka don ƙwallo?"

Yana da hujjarsa. Shekara bakwai ga yadda ake yi: bayan kowace gasa hakimi zai kira shi ya ce, "Sodangi, za ka ci gaba?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ya gaji, a ba yara. Hakimi ya sake tambaya, ya sake ƙi, har ya ambaci sunan wani ya yabe shi. A ta uku sai hakimi ya ɗaure fuska ya ce, "To, ba mu yarda ba." Shi ke nan, Sodangi ya yi godiya ya tashi da aikinsa da mutuncinsa, ba wanda zai ce ya nema. Haka ake yi da limanci, haka ake yi da shugabancin 'yan kasuwa, kowa a ƙasar ya san wannan.

Rahamatu ta ce, "Wancan hakimi na. Wannan kau Bature na."

Ya ɗaure ƙafar wando ya hau keke.

Da hantsi ya isa Shagari. An shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya gaban barikin da Baturen ya sauka, jama'a sun cika, har da Ɗanliti da ya rufe rumfa ya biyo motar albasa don kada a ba shi labari. Sodangi na jingine keke sai ga Malam Maniru ya zo ya durƙusa. Siririn saurayi ne mai tabarau, kuma Sodangi ne ya fara koya masa tsayar da ƙwallo da ƙirji.

"Baba, wallahi ni ban nemi abin ga ba," ya ce da murya ƙasa. "Jiya Bature ya tambaye ni, nac ce mai in ba kai ba, ba kowa."

Sodangi ya dafa kafaɗarsa, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce a ransa, to ashe aikin gama ya gama, saura a bi ƙa'ida.

Baturen yaro ne, jajir da shi, watansa huɗu a ƙasar. Yana zaune a kujera da takarda a kan gwiwa, hakimi na gefensa, tafinta Abdulƙadir na tsaye a tsakani. Aka yi gaisuwa. Baturen ya yi magana, Abdulƙadir ya juya: ya ce ya ga wasan Sakkwato da idonsa, 'yan Gusau sun fi su takalma ne, ba wasa ba. Yana tambaya, Saja Sodangi zai ci gaba?

Sodangi ya gyara zama ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, na gaji. Ƙahwa ta yi nauyi, ido ya rage. A ba yara."

Abdulƙadir ya dubi hakimi, sannan ya juya maganar yadda aka faɗe ta, don aikinsa ke nan. Baturen ya ɗaga gira. Ya sake tambaya, yana kallon Sodangi ido cikin ido: da gaske yake? Ya tabbata?

Daɗi ya kama Sodangi. Ashe Baturen ma ya san kan abin! Sai ya saki baki ya yi ta biyu da kyau, fiye da yadda ya taɓa yi. Ya ce shi tsohon yayi ne, zamani ya wuce shi, ga Malam Maniru nan mai ilimi, yaro mai ladabi, in aka ba shi ƙungiyar za ta ga haske. Ya ƙara da cewa shi abin da yake roƙo kawai a bar shi ya huta. Ya bar kansa a ƙasa, yana jiran ta uku.

Abin da ya ji shi ne ƙarar alƙalami. Baturen ya ja layi a kan wani abu a takardar, ya rubuta wani a samansa. Ya miƙe ya zo har gaban Sodangi ya kama hannunsa ya girgiza, ya yi dogon jawabi. Abdulƙadir ya juya da murya kamar ta mai karanta ta'aziyya: Bature ya ce da sunan Saja ya zo a rubuce, amma ba zai tilasta wa tsohon soja abin da ba ya so ba. Ya ce samun mutumin da ya san lokacin sauka da wuya. Malam Maniru ne sabon mai horarwa.

Sodangi ya ɗaga ido ya nemi hakimi. Kalma huɗu kawai yake bukata. Hakimi kuwa ya tsura wa carbinsa ido. Zai ce ba mu yarda ba ne, bayan Bature ya rubuta a gaban talakawa? Shi ma yana da nasa mutuncin da yake tsaro. Maniru ya buɗe baki, hakimi ya ɗaga masa yatsa, ya rufe. Shi kansa Sodangi maganar na nan a bakinsa, cewa wasa nake, al'ada ce, ina so. Mutum ɗari na kallonsa. Ya haɗiye ta, ya ce, "Mun gode, Allah shi ƙara girma."

Wurin ya ɗauki kabbara da yabo. Ɗanliti ne ya fara tsallako tabarmi ya riƙe hannunsa biyu, wai dattijo ke nan, wai shi dama ya sha faɗa a kasuwa cewa irin Saja ba a sake yi. Duk wanda ke wurin ya san abin da ya faru, ban da Bature. Ba wanda ya ce uffan, don in an faɗa an tona Sodangi, kuma da yawansu haka ta yi musu daɗi.

Bai tsaya cin abinci ba. Ya turo keken da hannu ya fi mil biyu kafin ya tuna ana hawa.

La'asar ta yi lokacin da ya shigo Boɗinga, kuma hanyar gidansa ta gefen fili take. Labari ya riga shi a motar albasa. Samarin na zaune a ƙasa, ba wanda ya sa rigar wasa. Idi, kyaftin ɗinsu, maƙeri ne mai faɗin ƙirji wanda ya shekara shida a hannun Sodangi. Shi ya taso ya tare hanya.

"Saja, da gaske na kai kac ce ka gaji da mu?"

Sodangi ya riƙe kan keke.

"Mun yi shawara tun shekaranjiya," in ji Idi. "Mun ce in sunka hidda ka, ba mai sake taɓa ƙwallo garin ga, sai sun maido ka. Har mun aje wanda za shi kai ma Bature kuka. Sai munka ji wai da sunanka yaz zo, kai kac ce ba ka so. Don an ci mu sau guda? Mu munka ba ka kunya, shi na kay yar da mu?"

Sodangi ya dube su ɗaya bayan ɗaya. In ya faɗa musu gaskiya, kafin magariba ta zaga gari cewa ya yi kwaɗayin a roƙe shi, ba a roƙe shi ba. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko a Bama.

"Na gaji, Idi," ya ce.

Idi ya matsa gefe ya ba shi hanya, kuma cikin su ashirin ba wanda ya ce masa sai gobe.